Me Gansakuka Take Ci?

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gansakuka. Da ruwan sama ya ɗauke, kududdufai suka fara ja da baya, sai ka ga fuskar ruwa ta yi kore shar. Tana nan a bakin rijiya inda ruwa yake zuba, tana jikin randa, tana kan duwatsun rafi inda take kayar da mata masu ɗauke da tulu. Yawancinmu ƙazanta muke ɗaukarta. Mukan kwashe mu zubar, bayan mako biyu kuwa ta dawo.

Amma yanzu da ƙungiyoyinmu da yawa suka shiga kiwon kifi da noman shinkafa, maganar gansakuka ta zama maganar kuɗi. Akwai tambayoyi uku da akan yi ta maimaitawa a taron ƙungiya. Mai tafkin kifi yana so ya san abin da ya sa ruwansa ya ƙi yin kore, kifinsa kuma ba sa girma. Maƙwabcinsa kuwa ruwansa ya yi kore har ya yi kauri, ya wayi gari ya tarar kifi sun juya ciki sama. Mata kuma suna tambaya, me ya sa tankin ruwan sha yake yin kore ko da an wanke shi?

Amsar tambayoyin nan uku ɗaya ce. Ruwa ba ya tsami banza. Gansakuka abu ce mai rai, tana cin abinci, kuma yawancin abincin nan mu ne muke kai mata. Wanda ya san abin da take ci zai iya ƙosar da ita inda yake bukatarta, ya kuma hana ta abinci inda ba ya sonta.

Mece Ce Gansakuka?

Kada mu haɗa ta da kainuwa ko bado. Waɗannan tsire-tsire ne cikakku, suna da saiwa da ganye, suna kuma yin fure. Gansakuka ba ta da saiwa, ba ta da ganye na ainihi, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Iri-irinta sun kai dubbai. Akwai mai kama da zare ko gashi, wadda takan yi tabarma a kan ruwa. Akwai mai santsi da take manne wa dutse. Akwai kuma ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya ganin guda ɗaya sai da madubin likita, amma in sun yi yawa sai su rina ruwa duka, gama ɗigon ruwa guda yana iya ɗaukar dubbansu. A teku kuwa akwai manya, waɗansu tsawonsu ya kai mita 30.

Akwai wani iyali da ake kira shuɗiyar gansakuka, saboda korenta yana da sirkin shuɗi. Masana sun ce ita 'yar'uwar ƙwayoyin bakteriya ce, amma da yake hanyar cin abincinta iri ɗaya ce da ta sauran, za mu haɗa su a nan. Ku riƙe sunanta, gama za mu sake haɗuwa da ita, wani wuri a kan alheri, wani wuri a kan ɓarna.

Yadda Take Dafa Abincinta

Akuya tana yawo ta nemi abinci. Gansakuka kuwa, kamar dawa da masara, ita take yin abincinta da kanta. Mu kwatanta da girki. Koren da yake jikinta, wanda masana suke kira kulorofil, shi ne tukunya. Hasken rana shi ne wuta. Kayan girki biyu ne: ruwa, da iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda wuta ma take fitarwa, watau kabon dayoksaid. Za mu ce mata iskar kabon. Iskar nan tana narkewa cikin ruwa, daga nan gansakuka take samunta. Abin da yake fitowa daga tukunyar sukari ne, shi ne tuwonta. Da shi take samun ƙarfi, da shi kuma take gina jikinta.

Kowane girki yana da tururi. Tururin wannan girki shi ne iskar oksijin, iskar da mutum da dabba da kifi suke shaƙa su rayu. Ku je bakin kududdufi da tsakar rana ku dubi tabarmar gansakuka da kyau. Za ku ga ƙananan kumfa sun maƙale a cikin zaren. Oksijin ke nan, shi ne ma yake ɗago tabarmar ta yi iyo a sama. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin oksijin da ake yi a duniya daga ƙananan gansakukar teku yake fitowa.

Tun da rana ce wutar girkin, abu biyu sun biyo baya. Na fari, inda haske bai kai ba, girki ba ya yiwuwa. Shi ya sa gansakuka take zama a saman ruwa, shi ya sa kuma ruwa mai laka ja wur ba ya yin kore. Na biyu, da dare girki yakan tsaya cik, amma numfashi ba ya tsayawa. Gansakuka tana numfashi dare da rana kamar kowane mai rai. Da rana tana ba da oksijin fiye da wanda take sha. Da dare kuwa sha kawai take yi. Wannan magana ita ce asirin mutuwar kifi da asuba, za mu kuwa dawo kanta.

Tuwo Sai Da Miya

Rana da ruwa da iskar kabon suna nan ko'ina, kyauta. To, me ya sa ba kowane ruwa yake yin kore ba? Domin sukari kaɗai ba ya gina jiki. Gansakuka tana bukatar miya, miyarta kuwa ita ce taki, irin wanda muke sa wa masara. Manyan kayan miyar su ne naitirojin, wanda yake cikin yuriya, da fosfaras, wanda yake cikin supa. Tana kuma bukatar fotash da ƙarfe da waɗansu abubuwa kaɗan kaɗan. Lambobi uku da kuke gani a buhun kamfa, kamar 15-15-15, suna nuna yawan naitirojin da fosfaras da fotash ne bi da bi.

Da yake ba ta da saiwa, da jikinta duka take tsotsa. Duk takin da ya narke cikin ruwa ya zo bakinta ke nan. Ga hanyoyin da yake isa gare ta: ruwan sama da ya wanke gona, kashin shanu da fitsarinsu a mashaya, ruwan da ya malalo daga masai ko ɗakin aladu, ragowar abincin kifi, ganyen da ya ruɓe, waɗansu irin garin sabulun wanki, da taɓon da yake kwance a ƙasan tafki.

A ruwan tafki da na kogi, fosfaras ne yakan fi ƙaranci, saboda haka shi ne yakan riƙe linzami. An tabbatar da wannan a ƙasar Kanada a shekarar 1973. Wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki biyu da babban labule na roba. Suka zuba naitirojin da kabon a kowane gefe, amma fosfaras a gefe ɗaya kaɗai. Kafin lokacin zafi ya wuce, gefen da aka sa wa fosfaras ya yi kore kamar miyar kuka, ɗaya gefen kuwa yana nan garau. Hoton tafkin nan ya taimaka wajen sa hukumomi da dama su rage fosfaras a cikin sabulun wanki da ruwan ƙazantar birane.

In miya ta samu, yaɗuwarta abin mamaki ce. Ƙwaya ɗaya takan rabu biyu, kowace kuma ta sake rabuwa. In tana rabuwa sau ɗaya a rana, ƙwaya guda za ta zama 1,024 cikin kwana 10, ta wuce miliyan ɗaya cikin kwana 20. Tana kuma da dabarar ajiya: in ta sami fosfaras da yawa takan tsotsi fiye da bukatarta ta ɓoye a jiki. Taɓon ƙasa ma yakan riƙe fosfaras, ya riƙa sakinsa sannu sannu. Shi ya sa ko an daina zuba taki yau, kore ba ya tafiya gobe.

Gani Ya Kori Ji

Ga gwaji mai sauƙi da kowace ƙungiya za ta iya yi, ko malamin makaranta da yaransa. Ku samo fararen kwalabe uku, ku cika su da ruwan kududdufi, amma ku bar ɗan wuri a wuya, kada kuma ku rufe bakin. Ta fari, kada ku sa mata kome, ku ajiye ta inda haske yake. Ta biyu, ku sa mata ɗan kashin kaji wanda bai fi ƙwayar masara ba, ku ajiye ta kusa da ta fari. Ta uku, ku sa mata kashin kaji daidai da ta biyu, amma ku ajiye ta a ƙarƙashin tukunya inda haske ba ya shiga. Bayan mako biyu ku jera su a gaban jama'a. Ta fari ba za ta sāke da yawa ba. Ta biyu za ta yi kore sosai. Ta uku za ta yi wari, amma ba kore. Wanda ya ga kwalaben nan ya gane maganar duka: taki da haske, in babu ɗaya, babu gansakuka mai yawa.

Masu Wata Hanyar Ci

Ba dukansu suke bin hanya ɗaya ba. Waɗansu daga cikin shuɗiyar gansakuka suna da baiwar da wake da gyaɗa suke samu ta wurin ƙulle-ƙullen saiwarsu, watau ɗebo naitirojin daga iska. Kashi 78 cikin 100 na iskar da take kewaye da mu naitirojin ne, amma masara ba ta iya taɓa shi. Su kuwa suna iyawa. In suka mutu suka ruɓe, naitirojin ɗin ya zama taki. A shekarar 1939 wani masani ɗan Indiya, P. K. De, ya nuna cewa wannan yana cikin dalilan da suka sa fadamun shinkafa na ƙasarsu suke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da taki ba.

Akwai wata da ake kira yugilina. In akwai rana tana girki kamar sauran. In ta shiga duhu sai ta koma tsotsar abin da ya ruɓe ya narke cikin ruwa. Ruwan da ƙazantar dabbobi ta yi wa yawa shi ne wurin da take so. Akwai ma waɗansu da suke haɗiye ƙwayoyin bakteriya ɗungum. Wata kuma, mai suna purototeka, ta rasa korenta gaba ɗaya, ba ta girki ko kaɗan. Tana zaune a caɓi da kashin shanu, in kuwa ta shiga hantsar saniya takan kawo ciwon hantsa wanda allurar da aka saba yi ba ta warkarwa. Wannan dalili ne babba na tsabtace wurin tatsa, kada shanu su riƙa kwanciya cikin caɓi.

Waɗansu kuwa haɗin gwiwa suke yi. Ɓawon nan mai ruwan toka ko rawaya da kuke gani manne a jikin dutse da kututturen itace, abu biyu ne a haɗe: gansakuka da wani irin funfuna. Funfunan yana ba da gida, yana riƙe danshi, gansakukar kuma tana girki ta ciyar da su duka biyu.

Gansakukar Da Ake Miya Da Ita

A ƙasar Kanem ta Cadi, gabas da arewa maso gabashin Tafkin Cadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa. Ruwansu ya yi kanwa har yawancin tsire-tsire ba sa rayuwa a ciki. Amma wata shuɗiyar gansakuka mai suna sifirulina nan ne ma take jin daɗi, gama tana iya ɗibar kabon ɗinta daga kanwar da ta narke cikin ruwan. Da yake sauran ba sa iya zama wurin, abincin duka nata ne.

Matan Kanembu sun daɗe da sanin amfaninta. Sukan yaɗe ta daga fuskar ruwa, su zuba a ramuka marasa zurfi cikin rairayi. Rairayi ya shanye ruwan, rana ta busar da ita, sa'an nan su yayyanka ta gutsure gutsure su kai kasuwa. Sunanta dihe, ana kuwa yin miya da ita a ci da tuwon gero. Wani masani ɗan Faransa, Pierre Dangeard, ya ba da labarinta a 1940. Wani ɗan Beljiyam kuma, Jean Léonard, ya tarar ana sayar da ita a kasuwar Fort Lamy, watau Njamena ta yau, a tafiyar da ya yi a 1964 zuwa 1965. Da aka auna ta, aka tarar kashi 60 ko fiye cikin 100 na busasshiyarta abinci ne mai gina jiki. Wake bai kai rabin wannan ba. Yanzu ana nomanta a ƙasashe da yawa.

Amma ga gargaɗi. Kanwar tafkunan nan ce take korar yawancin sauran iri. Kada wani ya ji wannan labari ya je ya yaɗo koren kududdufin bayan gari ya sa a miya. Dalilin yana zuwa a gaba.

A Tafkin Kifi: Ku Ciyar Da Ita, Amma Da Awo

Mai kiwon karfasa, in ya lura, manomin gansakuka ne. Karfasa tana tace ƙananan gansakuka daga ruwa ta ci. Ƙananan ƙwarin ruwa ma suna cinta, 'ya'yan kifi kuma suna cin ƙwarin. Takin da kuka zuba ba domin kifi su ci shi ba ne, domin ya ciyar da gansakuka ne, ita kuma ta ciyar da kifi. Tafki mai ruwa garau kamar na rijiya, rumbu ne wanda babu hatsi a ciki.

Ga yadda ake awo, ba da na'ura ba. Da hantsi, ka tsoma hannunka cikin ruwa har gwiwar hannu, ka tanƙwara tafin ya dubi sama. Zurfin nan wajen santimita 30 ne. In kana ganin tafinka sarai, gansakuka tana jin yunwa, a ƙara taki. In kana ganinsa dishi-dishi, daidai ne. In kuwa ya ɓace tun ruwa bai kai rabin hanya ba, ta ƙoshi ta wuce, a dakatar da taki. Kore muke nema, ba ja ba. In laka ce ta hana ganin hannu, taki ba zai yi amfani ba sai lakar ta kwanta, gama haske ba ya shiga. A dasa ciyawa a gaɓar tafkin, a hana dabbobi shiga.

Taki kaɗan kaɗan kowane mako ya fi da yawa gaba ɗaya. Hanya mai kyau ita ce a kafa ɗan shinge na sanduna a kusurwa ɗaya ta tafkin, a riƙa zuba kashin kaji ko na aladu ko na shanu a ciki, ana motsawa, yana narkewa sannu sannu. A sare rassan da suke yi wa tafkin inuwa. A kwashe kainuwa da tabarmar gansakuka mai zare, gama suna tare haske, suna kuma shanye takin da aka sa domin ƙananan.

Yanzu mu dawo kan mutuwar asuba. In gansakuka ta yi yawa, da rana ruwa yakan cika da oksijin. Da dare kuwa ita da kifi da takin da yake ruɓewa duk sha suke yi, ba mai bayarwa. Oksijin ya yi ta raguwa har ya kai ƙarshen ƙarancinsa gab da fitowar rana. Abin yakan fi muni in an yi kwana biyu ko uku ana hadari, ko hazo ya rufe rana, domin girkin rana bai yi ƙarfi ba. Haka kuma in gansakukar ta mutu gaba ɗaya, ruwa ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa yana wari, ruɓewarta takan shanye abin da ya rage.

Saboda haka lokacin duba tafki shi ne da sassafe. In kifi sun taso sama suna hamma, suka nutse da rana ta ɗaga, gargaɗi ne. In rana ta ɗaga ba su nutse ba, ko kuma an taɓa hannu ba su gudu ba, a tashi tsaye. A dakatar da taki da abinci. A zubar da wani sashi na ruwan a sa sabo. A riƙa ɗiban ruwa da bokiti ko injin ban ruwa ana watsa shi sama yana faɗowa, domin ya ɗauki iska. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka ta fi jurewa, amma kada jurewarta ta ruɗe ku. Masu kiwonta a tankin siminti kuwa, abincin da kuke saya take ci. Koren ruwanku alama ce cewa kashi da ragowar abinci sun taru. In kun canja ruwan, ku kai wa lambu, gama taki ne.

A Fadamar Shinkafa: Kada Ta Ci Kuɗinku

In aka watsa yuriya a kan ruwan da yake kwance a gonar shinkafa, wa zai fara samu? Saiwar shinkafa tana can cikin taɓo, gansakuka kuwa tana nan cikin ruwan. Ita ce za ta fara ci. Ba nan ɓarnar ta tsaya ba. Sa'ad da take girki da rana tana shanye iskar kabon, ruwan yakan koma kamar mai kanwa, a irin wannan ruwa kuwa naitirojin ɗin yuriya yakan zama iska ya tashi. Manomi ya biya kuɗin buhu, wani sashi ya tafi sama. In tabarma ta yi kauri kuma, takan danne ƙananan shinkafa.

Maganin shi ne a kai takin inda saiwa take. A rage ruwa kafin a sa taki, a tattake shi ya shiga taɓo, sa'an nan a maido da ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Inda ake samun dunƙulen yuriya, a binne shi zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakanin gindi huɗu. Binne taki yana da wata riba. Shuɗiyar gansakuka mai ɗebo naitirojin daga iska takan daina wannan aiki in ta sami naitirojin a sauƙaƙe cikin ruwa. In an binne, sai ta ci gaba da yi muku aiki kyauta.

Akwai kuma wani ɗan tsiro mai iyo da ake kira azola, girmansa kamar farce. A cikin kowane ganyensa akwai ɗan kogo inda shuɗiyar gansakuka take zaune tana ɗebo masa naitirojin. Manoman Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna yaɗa shi a gonakin shinkafa, su tattake shi cikin taɓo ya zama taki. Agwagi da kaji da aladu ma suna cinsa.

A Ruwan Sha: Ku Bar Ta Da Yunwa

Tankin da yake yin kore, haske yana shiga cikinsa. Ku rufe shi ruf. Farin tankin roba da farar jarka suna barin haske ya ratsa, baƙi kuwa ba ya bari. In fari kuke da shi, ku yi masa rumfa ko ku shafa masa fenti mai duhu ta waje. Rijiya ma a yi mata murfi da dakali. Masai da garken dabbobi su kasance ta gangare, nesa da rijiya aƙalla mita 30. Koren da yake jikin tanki sau da yawa ba shi da guba, amma yana nuna cewa haske da ƙura da kashin tsuntsu suna samun hanya.

Babban hatsari yana mashaya da ƙananan madatsun ruwa da rani. Ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi, ba ya gudu, shanu kuma suna kashi a ciki kullum. Wannan shi ne abin da shuɗiyar gansakuka take so, waɗansu irinta kuwa suna da guba mai lalata hanta ko jijiyoyi. Dabba tana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Tun a 1878 wani mai suna George Francis ya ba da rahoton tumaki da dawaki da karnuka da aladu da suka mutu bayan sun sha ruwan Tafkin Alezandarina a Ostireliya. A watan Agusta na 2014 kuma, aka hana mutum wajen 400,000 na birnin Toledo a Amurka shan ruwan famfo har kusan kwana uku, saboda gubar gansakuka daga Tafkin Eri. Fosfaras da ruwa ya wanko daga gonaki yana cikin manyan dalilan.

Ga yadda za ku gane ta. Ku tsoma sanda ku ɗago. In ta fito da zare yana reto kamar gashi, yawanci wannan mai zare ce, ba ta cika yin guba ba. In kuwa ta fito kamar an tsoma ta a koren fenti, ku yi hattara. Irin wannan iska takan kora ta gefe ɗaya ta taru a gaɓa, daidai inda dabbobi suke sa baki. Ku kau da dabbobi da yara daga wurin har sai ruwan ya washe. Ku kuma lura da wannan ƙwarai: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe wannan guba. Tacewa da ƙyalle ma ba ta fid da ita.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Iya Yi Bana

Ruwa ba ya sanin iyakar gona. Takin da ya fita daga gonar wani yakan ƙare a mashayar kowa, saboda haka aikin na ƙungiya ne. Ga abubuwa biyar da za a iya tattaunawa a taro mai zuwa.

1. A binne taki a gindin shuka, kada a bar shi a fili, kada kuma a sa shi sa'ad da babban hadari ya haɗu.

2. A bar ɗan fili a bakin rafi da tafki ba a nome ba, a dasa jema ko gamba domin su tare ƙasa da taki.

3. A shinge madatsar ruwa, a yi wa dabbobi kwami a gefe, a riƙa ɗebo musu. Kashinsu ya fi amfani a gona.

4. Kada a wanke buhun taki ko a yi wanki a cikin ruwan da ake sha.

5. Masu tafkin kifi su sa mutum ɗaya ya riƙa zuwa da sassafe, ya yi awon hannu sau ɗaya a mako, ya rubuta a littafin ƙungiya abin da ya gani da yawan takin da aka sa.

Bayan watanni kaɗan littafin nan zai nuna muku yawan takin da tafkinku yake bukata, fiye da yadda wani baƙo zai iya faɗa muku. In malamin gona ya zo zagaye, ku nuna masa littafin tare da kwalabenku uku.